Fina-finan Bala'i A Idon Mutanen Circle: Me Suke Kallo, Kuma A Ina Suke Samu?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a birnin Akra, wanda mu mutanen zango muke kira Ankara, ya san Circle. A nan ne manyan motocin Kumasi da Tamale da Bolgatanga suke lodi dare da rana, a nan ne kuma layin Tip Toe yake, inda babu irin wayar salular da mutum zai nema ya rasa, sabuwa ce ko ta hannu. Daga Nima ko Maamobi, motar trotro ɗaya za ka shiga ka sauka a wurin. To, amma ban da waya da caja da batir, akwai wata hajar da ba a baje ta a kan tebur, alhali kuwa tana tafiya kamar ƙosai da safe, wato fim. Yaro yana zaune da kwamfutarsa a ƙarƙashin lema, ka miƙa masa waya ko memori, ka faɗi irin wanda kake so, kafin ka gama shan ruwan leda ya tura maka abin da za ka kalla daga nan har Paga.

A cikin waɗanda ake nema, akwai irin da kasuwarsu ba ta faɗuwa, su ne fina-finan bala'i, waɗanda ake nuna ambaliya, ko girgizar ƙasa, ko gobara, ko annoba, ko jirgi ya nutse da mutane. Wannan ne ya sa a farkon damina muka buɗe layin waya a shirinmu na yamma a gidan rediyon unguwa, muka tambayi masu sauraro wanne ne ya fi kama hankalinsu, kuma a ina suke samunsa yanzu da zamanin kaset da faifan CD ya shuɗe. Mun ɗauka hira ce ta raha, matasa su yi ta musu a kan jarumai mu tashi. Ba a yi kira biyar ba sai maganar ta koma kan daren Laraba, 3 ga watan Yuni na shekarar 2015, kuma har muka rufe shirin ba ta bar wurin ba. Shi ya sa washegari muka ɗauki rikoda muka zagaya Circle da majalisun shan shayi na Nima da Maamobi, domin mu ji da kunnenmu.

Daren da ake auna kowane fim da shi

Saboda masu karatunmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni, waɗanda wataƙila labarin ya shige musu, bari mu ɗan koma baya. A wannan dare an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogin Odaw, wanda ya ratso Alajo da Avenor da Circle kafin ya faɗa tafkin Korle, ya cika ya tumbatsa, ga shi kuma babbar kwatar Nima a cikinsa take zuba, tare da duk leda da sharar da muke jefa mata. Motoci suka tsaya cak. Mutanen da suka tashi daga aiki da kasuwa suka nemi mafaka a ƙarƙashin rumfar gidan man GOIL da ke kusa da shataletalen. Ruwan ya taso da man fetur daga ma'ajiyarsa, man ya malale a saman ruwan ya bi titi. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce guntun taba sigari da wani ya jefar a cikin ruwan shi ne ya kunna wutar. Fiye da mutane 150 suka rasa rayukansu, wasu a wuta, wasu a ruwa. Shugaban ƙasa John Mahama ya ayyana makokin kwana 3. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan 'yan makonni hukumar birnin ta rushe gidaje a Old Fadama, inda 'yan'uwanmu 'yan arewa da yawa suke zaune, da sunan buɗe hanyar ruwa. A watan Nuwamban 2016 aka buɗe gadar sama ta Circle, wadda samari suka laƙaba wa suna Dubai. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin aikin magance ambaliya a yankin Odaw. Duk da haka, da zarar hadari ya haɗo, za ka ga masu tebur a Tip Toe sun fara tattara kaya ba tare da an ce musu komai ba. Irin waɗannan mutane ne muka tambaya ra'ayinsu a kan fim, don haka kada mai karatu ya yi mamakin amsoshin da muka samu.

Jarumi da jirginsa

Fim ɗin da aka fi ambata, kuma aka fi caccaka, shi ne San Andreas, na Dwayne Johnson, tsohon ɗan kokawar nan da yara suka fi sani da The Rock. Wani abin mamaki, an fara nuna shi a Amurka ranar 29 ga Mayun 2015, kwana biyar kacal kafin abin da ya same mu. Labarin girgizar ƙasa ce a jihar Kalifoniya, shi kuma jarumin matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne na hukumar kashe gobara.

Matasa da dama sun ce suna son sa saboda yadda dogayen benaye ke rugujewa kamar gaske. Amma wani mai gyaran waya, wanda ya ce yana Circle a daren 2015, ya yi mana wata magana da ta tsaya mana a rai. A cewarsa, ya kalli fim ɗin sau ɗaya bai ƙara ba, domin ma'aikacin ceto ne ya ɗauki jirgin hukuma ya tafi neman matarsa da 'yarsa, ya bar gari guda yana halaka a ƙarƙashinsa, kuma a haka aka ce mu tafa masa. Ya ce a daren da ya gani da idonsa, waɗanda suka fara jan mutane daga ruwa yaran mota ne da 'yan dako da maƙwabta, da igiya da katako da hannu, kuma yawancinsu ba su san sunan wanda suke ja ba.

Mu dai a namu ganin mutumin nan ya fi masu sharhin fina-finai na Turai gano lagon fim ɗin. Sauran da muka zanta da su ma, ko da kalmominsu sun bambanta, abu biyu suke dubawa: shin an nuna sakacin da aka yi kafin bala'in ya sauka, sannan su wa aka nuna suna ceton jama'a? Fim ɗin da ya faɗi a waɗannan biyun, a wurinsu wasan yara ne, komai kuɗin da aka kashe masa.

Haka fim ɗin 2012 ya sha, wanda Roland Emmerich ya fitar a shekarar 2009. A cikinsa duniya ce take tarwatsewa, manyan ƙasashe suka gina jiragen ruwa na ceto a ɓoye a ƙasar Sin, aka sayar wa attajirai kujera ɗaya a kan Yuro biliyan 1. A wata majalisar shayi a Nima an yi ta dariya a kan ƙarshensa, inda jiragen suka juya suka nufi Afirka saboda ita ce ruwa bai cinye ba. Wani ya ce ashe dai a ƙarshe wurinmu za su zo, kuma ko biza ba za su nema ba. Amma da dariyar ta lafa, sai wani direba ya ce wannan ne kaɗai wurin da fim ɗin ya faɗi gaskiya, domin ko a Akra ruwa ya san gidan da yake shiga.

A kan wannan fim ne kuma muka ji ra'ayin dattawa. Wani malamin makarantar allo a Maamobi ya raba abin gida biyu. Ya ce fim ɗin da ke nuna ambaliya ko gobarar da ta taɓa faruwa, labari ne, ana iya ɗaukar darasi a ciki. Amma wanda ke yanka wa duniya ranar ƙarewa, wasa ne da abin da saninsa ke wurin Allah kaɗai, kuma ba ya son yara su saba da shi. Gaskiya ne an gina fim ɗin a kan raɗe-raɗin cewa kalandar mutanen Maya ta nuna duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamban 2012. Ranar ta zo ta wuce, kowa ya buɗe shagonsa.

Daga buhun fulawa zuwa Titanic

Mu da muka haura arba'in mun taso ne a zamanin gidajen bidiyo. Sinima irin su Dunia a Nima da Orion a Circle sun fara ja da baya, sai ɗakunan kallo suka cika unguwa: talabijin ɗaya, bencina, janareta, da hoton talla da masu zane suke yi da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Masu zanen nan sukan ƙara jini da wuta fiye da abin da ke cikin fim ɗin, domin su ja 'yan kallo. Yau Turawa suna sayen waɗannan buhuna da tsada suna ratayewa a gidajen tarihi, mu kuwa a lokacin ko kallo na biyu ba mu yi musu in an cire.

A ƙarshen wannan zamani ne Titanic ya iso, fim ɗin James Cameron na 1997. Har yau shi ne wanda mata suka fi ambata. Tasirinsa ya kai har Kano, inda a 2003 aka yi na Hausa mai suna Masoyiyata Titanic. Mun za ci soyayyar Jack da Rose za a yi ta yi mana bayani, sai wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce ita abin da ba ta mantawa shi ne ƙofar ƙarfen da aka rufe wa fasinjojin ƙasa, talakawa, ruwa yana hawa suna roƙo a buɗe. Jirgin na gaskiya ya nutse ne a watan Afrilun 1912 da mutane fiye da 2,200 a ciki, kwale-kwalen ceto 20 kawai yake ɗauke da su, waɗanda ko an cika su ba za su ɗauki fiye da kimanin rabin mutanen ba. Kusan 1,500 suka mutu. Hajiyar ta ce duk wanda ya taɓa tsallaka tafkin Volta da kaya a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, ba rigar ruwa ko ɗaya, ya san wannan labari ba na Turawa kaɗai ba ne. Masu bin kogin Kwara ma sun sani, domin a watan Yunin 2023 fiye da mutane 100 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a yankin Patigi.

Indiya ce ta fi kusa da mu

Bahaushe da fim ɗin Indiya sai Allah, kuma a wannan fage ma ba a bar su a baya ba. Dattawa sun tuna The Burning Train na 1980, na su Dharmendra da Vinod Khanna da Jeetendra, jirgin ƙasa da ya kama da wuta ba birki. Matasa kuma, waɗanda suka saba da fassarar Hausa irin ta Algaita da ake yi a Kano, sun ambaci Tum Mile na 2009, a kan ambaliyar Mumbai ta 26 ga Yulin 2005, sai dai sun ce soyayya ta yi masa yawa, ruwan ya zo a makare. Kedarnath na 2018 ya fi samun karɓuwa, musamman a wurin masu dako, domin jarumin, marigayi Sushant Singh Rajput, ɗan dako ne Musulmi mai goya masu ziyara zuwa kan dutse, kafin ambaliyar 2013 ta afka wa wurin.

Amma wanda duk wanda ya kalla ya yaba, ba mu ji ko mutum ɗaya ya kushe ba, shi ne wani fim mai suna 2018, wanda ya fito a watan Mayun 2023. Ba na Mumbai ba ne, daga jihar Kerala yake a kudancin Indiya, da harshen Malayalam, kuma Jude Anthany Joseph ne ya ba da umarni. Labarin ambaliyar watan Agustan 2018 ne, lokacin da ruwa ya yi yawa har aka buɗe ƙofofin madatsun ruwa, fiye da mutane 400 suka mutu. Abin da ya faru a zahiri, kuma fim ɗin ya nuna, shi ne masunta daga bakin teku suka ɗora kwale-kwalensu a kan manyan motoci, suka shiga garuruwan da ruwa ya shanye, suna bi gida-gida suna kwaso mutane. Waɗannan masunta talakawa ne da a da ake raina su, ba a son ba su aure. Akwai tsohon soja da ya gudu daga aiki, akwai direban babbar mota, akwai makaho da aka manta da shi a gida, akwai iyali mai yaro naƙasasshe. Babu wanda ya zo daga sama da jirgi ya gama komai shi kaɗai.

Mai gyaran wayar nan da ya soki San Andreas ya ce da ya kalli wannan sai da ya ajiye wayar ya fita waje, domin ruwan da ke cikin fim ɗin irin namu ne, ja ne, da dare yake zuwa, wuta a ɗauke. Indiya ta miƙa shi a matsayin wakilinta a gasar Oscar, bai kai ga zagayen ƙarshe ba. A Circle dai ya ci.

Na gida da aka ambata guda ɗaya ne tak, shi ne 93 Days, fim ɗin Najeriya na 2016 wanda Steve Gukas ya shirya, a kan yadda cutar Ebola ta shiga Legas a watan Yulin 2014 ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya. Bimbo Akintola ce ta fito a matsayin Dakta Stella Ameyo Adadevoh, likitar da ta hana majinyacin fita daga asibiti duk da matsin lambar da ta sha, ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta. Mutane 8 ne suka mutu a Najeriya, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da cutar. Mutanen Gana suna da rabo a labarin, domin asalin gidan Adadevoh daga yankin Volta yake. Ga ɗan kasuwar da ya sha rufe iyaka a lokacin korona a 2020, wannan fim ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma waɗanda ba sa kallo sam, kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Wata baiwar Allah ta kira mu a rediyo ta ce ita ko ƙarar ruwan sama a fim ba ta iya ji tun 2015. Wani dattijo a Nima ya tuna mana da 9 ga Mayun 2001, ranar da mutane 126 suka mutu a turmutsitsin filin wasa na Akra a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, da yawansu 'yan unguwarmu. Ya ce wanda ya yi wa gawa sama da goma salla a yini ɗaya ba ya biyan kuɗi don a nuna masa mutuwa. Ba mu da abin da za mu ce masa.

To, a ina ake kallo?

Ga masu son kallo, wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana. Netflix ya buɗe wa Gana da Najeriya da Nijar ƙofa tun watan Janairun 2016. Abu na farko da matafiyi ya kamata ya sani shi ne, abin da ke cikinsa yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma daga wata zuwa wata. Fim ɗin da ka fara a Akra kana iya isa Kwatano ko Kano ka neme shi ka rasa. Waɗanda ba su cika ɓacewa ba su ne waɗanda aka yi domin kamfanin, don haka su za mu ambata.

Na farko a wurinmu shi ne The Railway Men, na Indiya, kashi 4, wanda ya fito a Nuwamban 2023. Labarin iskar gas mai guba ce da ta tsiyaye daga masana'antar Union Carbide a garin Bhopal a daren 2 ga Disamban 1984, ta kashe dubban mutane. An nuna yadda aka yi ta gargaɗi ana toshe kunne, sannan aka nuna ma'aikatan tashar jirgin ƙasa da suka tsaya suna fitar da jama'a. Ya cika sharuɗɗan mutanen Circle duka biyu. Na biyu shi ne High Water, na ƙasar Poland, kashi 6, a kan ambaliyar 1997, inda hukuma ta so fasa shingen ruwa a wani ƙauye don a ceci birni, mutanen ƙauyen suka ce ba su yarda ba. Wanda ya ga abin da ya sami Mepe da maƙwabtanta a 2023, lokacin da aka saki ruwan madatsar Akosombo, zai gane gardamar.

Society of the Snow, a kan jirgin saman da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972, inda mutane 16 cikin 45 suka rayu bayan kwana 72, fim ne mai kyau, amma muna gargaɗi: yunwa ta kai su ga cin naman mamatansu, ba na kallo da yara ba ne. Don't Look Up na 2021 kuwa ba'a ce ga shugabannin da ake gaya wa bala'i na tafe suna lissafin zaɓe. Akwai ashar da tsiraici a ciki, a kiyaye.

A Prime Video na kamfanin Amazon akwai Thirteen Lives na 2022, labarin yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rufe a cikin kogo a ƙasar Tailan a 2018. Wurin da ya fi taɓa masu kallonmu shi ne inda manoma suka yarda a karkatar da ruwa zuwa gonakinsu na shinkafa, su yi asarar amfanin shekara, don yaran su fito. Wannan kam za a iya kallo da iyali.

YouTube shi ne na kowa, ba kuɗin wata, kuma a can ne fina-finan Hausa masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka yi gida. Sai dai a fagen fina-finan bala'i sai an yi hattara, domin da yawa sunan daban, abin da ke ciki daban, wasu kuma an ɗora su ba da izini ba, ka kai rabi a sauke.

Wani matashi ya koka cewa manhajar Netflix ba ta san shi ba, kullum abin da ba ya so take nuna masa. Da muka bincika, ashe su shida ne a kan suna ɗaya. Ita manhajar tana ba ka shawara ne bisa abin da aka kalla a baya, to in ƙanwarka ta kwana a kan zanen yara, abokinka kuma a kan fim ɗin faɗa, me kake so ta kawo maka? Kowa ya buɗe sunansa a ciki. Jerin goma na farko da take nunawa kuma na abin da aka fi kalla ne a ƙasar, ba shaidar kyau ba ne. Yawancin waɗanda muka tambaya sun ce shawarar abokin majalisa ko ta yaron da ke tura fim ta fi musu amfani, domin shi ya san su.

Maganar data

A nan ne gizo ke saƙar. A lissafin da Netflix ya bayar da kansa, kallon awa ɗaya a hoto mai ƙarancin kyau yana cin kimanin kashi uku cikin goma na gigabayit, matsakaici kusan gigabayit 1, mai tsananin kyau kuwa har gigabayit 3. A waya akwai wurin da za ka zaɓi tsimin data, wanda gigabayit 1 zai kai ka kusan awa 6. A ƙaramin allon waya bambancin hoton ba wani abu ba ne, amma a aljihu babba ne. Dabarar masu doguwar tafiya ita ce su sauke fim ɗin a cikin manhajar tun suna gari, inda akwai wayfai ko garaɓasar data ta tsakar dare, sannan su kalla a mota ba tare da intanet ba. Kada ka kuskura ka buɗe kallo da layin wata ƙasa bayan ka tsallaka iyaka, kuɗinka zai ƙare kafin jirgin ya nutse.

A guji masu sayar da lambar sirri a WhatsApp da araha. Mu kanmu an taɓa yi mana, muka tura kuɗi ta waya, kwana huɗu aka canza lambar, mai sayarwa kuma ya toshe mu. Tun 2023 ma Netflix ya tsaurara a kan raba asusu tsakanin mutanen da ba gida ɗaya suke ba. Haka nan shafukan da ke cewa kyauta ne, sai ka danna nan ka danna can, sau da yawa ƙwayar cuta suke sa wa waya, kuma wayar ɗan kasuwa a yau ita ce asusunsa.

Su kuwa masu turawa a memori, gaskiya ita ce mafi yawan abin da suke turawa ba su da izininsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta hana. Wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin mai shirya fim na Kano ko Kumasi. Amma ba za mu ɓoye cewa ranar 14 ga Maris ɗin 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Gana da Najeriya da maƙwabtansu suka shiga duhu, layin da ke gaban teburinsu ya fi na kowa tsawo ba.

Namu labarin fa?

A duk zagayen da muka yi, ba wanda ya ambaci fim ɗin Hausa ko ɗaya a wannan fanni, kuma ba wanda ya ce ya taɓa kallon cikakken fim a kan daren 3 ga Yuni. Masu shirya fim za su ce kuɗi ne, domin nuna ambaliya ba kamar nuna falo da kujeru ba ne, kuma suna da gaskiya. Amma 93 Days yawancinsa a cikin asibiti aka yi shi. Labarai kuwa ga su nan jibge: fashewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, tankar man da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta kashe fiye da mutane 150, gobarar kasuwar Kantamanto a nan Akra a farkon Janairun 2025, da ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025. Kowannensu yana da nasa masuntan da nasa ma'aikatan tasha, sai dai ba wanda ya rubuta sunayensu.

Abin da ya rage mana shi ne guntayen bidiyon da mutane suka ɗauka da waya. Kafin mu bar Tip Toe, mai gyaran wayar nan ya buɗe mana wata ma'ajiya a kwamfutarsa, ya nuna mana sunanta kawai bai kunna ba. Ya ce hotunan daren ne, waɗanda ya tattara daga wayoyin da aka kawo masa gyara a makon, ruwa ya shiga cikinsu. Ya canza kwamfuta sau uku tun lokacin, kowane karo sai ya kwashe su ya mayar a sabuwar. Samari sukan zo su ce ya tura musu, har da masu cewa za su biya. Ya ce bai taɓa tura wa kowa ba, domin akwai fuskokin da iyayensu suna nan da rai a Nima.